WA YA HUDA TANKIN?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kano, ta haye gadar Wudil, ta miƙe zuwa Birnin Kudu, ya san garin Darki, ko da kuwa bai taɓa sauka ya sha ruwa a cikinsa ba. Ranar Alhamis, ranar da kasuwarsa ke ci, dole direba ya rage gudu saboda cinkoson motocin hatsi da na kayan miya da 'yan dako. A gefen wannan hanya, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, muka shaida wata gardama tsakanin wani tsohon bakanike da wani matashi abokinmu, a kan tankin man wata tsohuwar mota. Gardamar ba ta wuce rabin sa'a ba, amma tambayar da ta bar mana ta daɗe tana yi mana yawo a zuciya, kuma ita ce muke so mu tattauna da mai karatu: idan mutum ya wanke abu, wankin ya fito da ɓarnar da ke ɓoye, wa za a ɗora wa alhakin ɓarnar? Kuma shin dole ne a yi wankin, alhali an san yana iya tona asiri?

Motar da ake magana a kanta Peugeot 504 ce, irin wadda kamfanin ya fara fitarwa a Faransa a 1968, kuma aka riƙa harhaɗa ta a masana'antar Kakuri da ke Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. Waɗanda suka manyanta sun san matsayin wannan mota a ƙasar nan. Ita ce motar hakimi da alƙali da babban sakatare, ita ce kuma daga baya ta zama motar haya mai ɗaukar fasinja daga Kano zuwa Maiduguri. Ta abokin namu gado ce. Mahaifinsa ya saye ta sabuwa, ya hau ta shekaru masu yawa, da tsufa ya kama shi sai aka jingine ta a ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Bayan rasuwar tsohon, ɗan ya ƙudurta zai tayar da ita. Ba haya yake nufin yi da ita ba. So yake ya riƙa ganin motar mahaifinsa tana tafiya a kan titi. Ya sa aka yi mata fenti, ya sayi tayoyi da batir, aka sauya fulogogi, aka zuba mai. Da aka murza makulli ta tashi, yaran unguwa suka yi shewa. Amma ba ta yi tafiyar kirki ba sai ta fara tari, ta shaƙe, ta mutu. Aka buɗe matatar mai aka tarar da ita cike da jan gari kamar na bulo. Aka sauya, aka wanke kafireto, ta tashi, ta sake mutuwa. A karo na uku ne tsohon bakaniken ya ce babu makawa sai an sauke tanki.

Kafin mu kai ga gardamar, ya kyautu mu san yadda tsatsa ke shiga wurin da ba a zuba komai a cikinsa sai fetur. Tankunan motocin wancan zamani na ƙarfe ne, akasari an shafe su da haɗin darma da kuza domin kariya, saɓanin yawancin motocin yau da ake yi wa tankin roba mai kauri. Tanki kuwa yana numfashi: gwargwadon yadda mai ke raguwa, haka iska ke shiga ta maye gurbinsa, kuma iska tana ɗauke da laima, musamman da damina. Da rana ƙarfe ya yi zafi, da dare ya huce, sai laimar ta zama raɓa a jikin bangon tankin ta ciki, ta gangara ƙasa. Da yake ruwa ya fi fetur nauyi, ba ya haɗuwa da shi, sai ya kwanta a gindin tanki inda ido ba ya kaiwa. Can kuma ga ruwan da ke biyo man da aka saya a galan ko jarka a bakin hanya. Ƙarfe da ruwa da iska idan suka haɗu, tsatsa suke haifarwa. Ba ta cin ƙarfen bai ɗaya. Ɗigo-ɗigo take farawa, tana haƙa ƙananan ramuka har ta kusa ɓullewa waje. Abin lura shi ne, tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma, ninki biyu ko fiye, saboda haka sai ta cika ramin da ta haƙa ta toshe shi. Tsohon fetur da ya daɗe a ajiye shi ma yakan daskare ya zama wani irin danƙo, ya shafe saman tsatsar. Da haka sai tanki ya shekara goma ba ya yoyo, alhali a wurare da dama babu sauran ƙarfe a gindinsa.

To, tsohon ya sauke tankin, ya juye baƙin man da ke ciki, ya zuba tsakuwa da tsofaffin notuna da ruwan sabulu mai zafi, shi da yaransa biyu suka yi ta jijjiga shi suna juyawa har gumi ya jiƙa su. Suka zubar, ruwan ya fito ja wur. Suka maimaita har sau huɗu. Sannan ya jiƙa shi da ruwan tsami ya bar shi ya kwana. Washegari da aka ɗauraye, aka ɗaga tankin aka kalli rana ta bakinsa, sai ga haske yana shigowa ta ƙananan huji, mun ƙirga sun kai bakwai, wasu kamar bakin allura, ɗaya kamar ƙwayar dawa.

Nan fa ran abokinmu ya ɓaci. Ya ce, "Haba Baba! Tankin nan da na kawo maka ba ya yoyo. Shekara nawa yana ajiye, ko ɗigo bai taɓa zubarwa ba. Kai ka taɓa shi, ga shi ya koma rariya."

Tsohon ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Ɗana, ni tsatsa na cire. Ƙarfen wurin nan ya daɗe da tafiya, tun mahaifinka na da rai. Abin da ka ga yana riƙe da man, gawar ƙarfen ce."

Mutanen da ke zaune a inuwar suka rabu biyu. Wasu suka ce bakanike ya yi zaƙewa, da ya bar kaza cikin gashinta. Wasu suka ce an bar jaki ana dukan taiki.

Bai kamata mu yi saurin watsi da maganar ɓangaren farko ba, domin tana da hujja. Abin da suke cewa shi ne: kafin wanki akwai tanki mai riƙe mai, bayan wanki babu, abin da ya shiga tsakani kawai shi ne hannun bakanike, ashe kuwa hannun nan ba zai kuɓuta daga zargi ba. Kuma a rayuwa akwai abubuwa da yawa da ke tsaye da irin wannan toshiya. Akwai zumuncin da ke tafiya saboda wata magana da kowa ya sani amma ba mai ɗaga ta. Akwai gidan da ke zaune lafiya saboda ba a taɓa zama an yi lissafin abin da uba ya bari ba. Bahaushe ya san darajar rufin asiri, har yana roƙon sa a addu'a, kuma yana ƙyamar mai tonon silili. Ba kowane abin da aka rufe ba ne ya wajaba a buɗe, kuma mutumin da ke bin gidajen jama'a yana leƙa gindin tukwanensu da sunan gaskiya, fitina yake nema.

Amma a nan sai mu tambaya: me ya kai tankin gaban bakanike tun farko? Ba son sani ba ne ya sa aka sauke shi. Motar ce ta ƙi tafiya. Tsatsar da ta toshe hujin, ita ce dai take ɓarɓashewa tana bin tiyo tana shaƙe inji. Ba za a iya zaɓar amfaninta a bar cutarta ba, domin abu ɗaya ne. Ban da haka, toshiyar tsatsa ba ta da alkawari. Tana riƙewa ne muddin mota na tsaye a ƙarƙashin rumfa. Ranar da aka cika tankin da lita hamsin, aka hau hanya mai gargada, kowace faɗawa rami tana girgiza ɓawon, kuma wata rana zai ɓalle. A ranar, fetur zai riƙa ɗiga a ƙarƙashin mota, kusa da salansa mai zafi, ga iyali a ciki, wataƙila a dajin da babu mai taimako. Wato hujin yana nan, kuma bayyanarsa tana tafe. Abin da bakanike ya yi shi ne ya zaɓar mata wuri da lokaci, a ƙarƙashin darbejiya da rana tsaka, inda asarar ba ta wuce kuɗin gyara ba. A nan muke ganin bambancin rufin asiri da ɓoye cuta. Rufin asiri yana kare mutuncin mutum a kan abin da ya wuce, wanda ba zai ƙara cutar da kowa ba. Abin da kuwa ke ci gaba da ci ta ciki, yana kuma jiran ya faɗa wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, rufe shi ba sutura ba ne. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Wannan ɗabi'a ta ɗora laifi a kan mai wanki ba a garejin Darki kaɗai take ba. A ranar 14 ga Agusta, 2009, Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin gwamnansa na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar bayan binciken littattafansu, ya zuba musu naira biliyan 420 domin kada su durƙushe. Kafin ƙarshen shekarar kuɗin ceton ya kai biliyan 620. Har zuwa ranar da aka buɗe littattafan, bankunan suna tsaye da dogayen gine-gine da tallace-tallace masu ƙayatarwa. Da aka buɗe sai aka tarar da tarin basussukan da ba a biya. Masu hannun jari da yawa sun yi asara, ma'aikata da yawa sun rasa aiki, kuma an sami waɗanda suka ce mai binciken ne ya kashe bankunan. Ana iya yin gardama a kan salon da aka bi da kuma irin hukuncin da aka yanke, an kuwa yi ta. Abin da ba a iya cewa shi ne binciken ne ya ba da rancen. Haka abin yake a ƙananan wurare: sabon ma'ajin ƙungiya da ya nemi a kawo rasit, ko ƙanen da ya ce a auna gonar gado, ko likitan da ya ce a yi gwaji, sau da yawa su ne ake tunawa da su a matsayin waɗanda suka kawo matsala. Dalili kuwa a fili yake: shekarun sakaci ba su da fuskar da za a kalla a zaga, mai wanki kuwa ga shi tsaye a gabanmu da tsumma a hannu.

Duk da haka, ba mu ce mai wanki ba shi da nauyi a wuyansa ba. Yana da shi, kuma aikin tankin kansa ya nuna mana nauyin guda huɗu.

Na farko, gargaɗi kafin aiki. A nan tsohon ya yi kuskure, shi ma daga baya ya amsa. Ya san tanki irin wannan yakan fito da huji, ya sha gani, amma bai faɗa ba. Da ya ce, "Ɗana, zan wanke, amma ka shirya, mai yiwuwa mu tarar da ɓarna," da mai motar ya shiga aikin da idonsa a buɗe, da kuma hujin bai zo masa kamar cin amana ba. Wanda zai buɗe abin da ya shafi wani, haƙƙi ne ya sanar da shi abin da ake iya tararwa.

Na biyu, sanin gwargwado. Akwai masu gaggawa da ke zuba ruwan batir a tanki domin aiki ya yi sauri. Ruwan batir ba ya bambanta tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, duka yake ci. Wanda ya yi haka, idan aka ce shi ya huda tankin, ba a yi masa ƙazafi ba. Ruwan tsami mai sauƙi yana ɗaukar kwana, amma tsatsar yake bi. Haka ma gaskiya: akwai mai faɗarta daidai girman laifin, akwai kuma mai zuba ta da zafin da zai cinye har mutuncin da bai lalace ba.

Na uku, kada a bar aiki a rabi. Ƙarfen da aka kankare ya zama tsirara, idan aka bar shi da danshi, cikin 'yan sa'o'i sabuwar tsatsa za ta rufe shi, ta fi ta da saurin ci. Dole a ɗauraye tsamin da ruwan kanwa ko makamancinsa domin a kashe ƙarfinsa, a shanya tankin ya bushe ƙayau, a liƙe hujin, a shafe cikin da abin kariya ko a cika shi da mai nan da nan. Wanda ya tona ɓarna ya kaɗe rigarsa ya tafi, ya bar abin cikin halin da ya fi na da muni. Idan ba mu da niyyar tsayawa a yi gyara da mu, ko aƙalla mu nuna inda za a sami mai gyara, to mu binciki zuciyarmu da kyau: gyara muke so, ko kuwa daɗin a ce mu muka gano?

Na huɗu, kula da wuta. Kowane mai walda ya san tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke fashewa idan ya cakuɗa da iska, kuma kaɗan ya isa: tsakanin kashi ɗaya da rabi zuwa kashi bakwai da rabi cikin ɗari na iskar. Shi ya sa masu hankali ke wanke tanki sau da yawa, su cika shi da ruwa kafin su kusanto da wuta, ko su liƙe da darma da ƙarfen da aka gasa a nesa. Zuciyar mutumin da aka nuna wa ɓarnar abin da yake ƙauna, a wannan sa'ar kamar tankin nan take. Abokinmu ba kuɗin gyara ne kaɗai ya ɓata masa rai ba. An gaya masa, a gaban jama'a, cewa motar mahaifinsa ta ruɓe tun mahaifin na da rai. Maganar gaskiya ce, amma da tsohon ya ja shi gefe ya faɗa masa, da ta fi sauƙin haɗiya.

Akwai kuma hanya ta uku da wani daga cikin mazauna inuwar ya kawo, yana ganin taimako yake yi. Ya ce a murza sabulun wanki a kan hujin, domin fetur ba ya narkar da sabulu, a fesa baƙin fenti, a mayar da tanki, a kai motar Kano a sayar. Dabarar sabulu direbobi sun san ta, kuma tana da amfani ga wanda tankinsa ya fashe a daji yana neman ya kai gari. Amma ruwan sama na farko zai wanke ta. Wanda ya yi ta domin ya sayar, ya ɗauki haɗarin da ya gani da idonsa ya miƙa wa wanda bai gani ba, ya kuma karɓi kuɗi a kai. Kafin wanki, mai motar yana da uzurin rashin sani. Bayan wanki uzurin ya faɗi. Muna zaton wannan ne ainihin abin da ke sa mutane ƙin mai wanki: yana raba su da jahilcin da suke fakewa a cikinsa, ya bar su da zaɓi tsakanin ɗaukar ɗawainiyar gyara da yin ha'inci da gangan.

Sai dai kuma, kafin mu yanke wa masu tsatsattsun tankuna hukuncin sakaci, mu tuna da abin da muka faɗa a baya, cewa tankin da ba ya cika ne ya fi tara raɓa. Masana mota suna ba da shawarar a riƙa barin tanki a cike. Shawara ce mai kyau ga mai hali. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Direban da ke ɗaukar kaya daga Darki zuwa Wudil da tsohuwar akori-kura, lita uku ko huɗu yake iya zubawa a tafi da ita. Tankinsa iska ce ta fi yawa a ciki, ba don ganganci ba. Saboda haka ba kowace tsatsa ce shaidar lalacin mai abu ba. Wata shaidar rashi ce, wata ta tsufa, kamar ta dattijon da ƙarfinsa ya ƙare ya jingine motarsa. Wannan ba ya toshe hujin, ba ya kuma ɗauke wajibcin gyara. Abin da yake ɗaukewa shi ne izgilin mai wanki. Ana iya nuna wa mutum ɓarna ba tare da an tuhume shi da haddasa ta ba.

Amsarmu ga tambayar da muka fara da ita ke nan. Ruwa da iska da shekaru ne suka huda tankin. Mai wanki bai huda ba, muddin bai wuce gona da iri ba, amma da ya sa hannu ya ɗauki amanar gargaɗi da sassauci da tsayawa har ƙarshen aiki. Mai abu kuwa, da zarar ya gani, ba shi da hanyar komawa ga rashin gani.

Shi dai abokinmu ya yi fushi ya tafi, ya bar tankin a jingine da darbejiya. Bayan kwana biyu ya dawo, ya gaida tsohon, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, zafin rai ne. Yaya za a yi?" Tsohon ya ce shi ma a yafe masa rashin gargaɗin. Aka liƙe ƙananan hujin shida da darma, babban kuwa aka yanke wurin aka yi masa faci da sabon ƙarfe, bayan an cika tankin da ruwa. Aka zuba kananzir aka bar shi ya kwana a kan busasshiyar takarda, da safe ba a ga ɗigo ba. Facin yana nan, duk wanda ya sunkuya zai gan shi, mai motar kuma ya ce kada a rufe shi da fenti mai kauri, domin idan wata rana motar ta koma hannun wani, ya san abin da ya saya. Allah Ya ba mu ikon jure wa wanki idan ya zo kanmu, Ya kuma ba mu tausasawa idan mu ne masu yin sa.